Lens Mai Tauri ko Mai Laushi? Amsa ga Ƙanwar da Tabarau Ya Ishe Ta

Tambaya:

Anti, ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Shekaruna 24, kuma tun ina ƙarama nake fama da rashin ganin nesa. Yanzu lambar tabarauna ta kai −8.50 a dama, −10.00 a hagu, ga silinda da ake ta ƙara mini a na hagun. Gilashin ya yi kauri, ya yi nauyi, ya yi mini shaida a karan hanci, idanuna kuma sun koma 'yan mitsi-mitsi a bayansa. Cikin shekara biyu sau uku ana canza mini lamba, amma har yanzu in dare ya yi nakan ga fitilar mota da jela, wani lokaci ma biyu-biyu. Idona yana yawan ƙaiƙayi, ina yawan murza shi. Na ce wa likitan ido ina son lens ɗin nan da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. Ya ce mai tauri zai fi dacewa da ni, ya saka mini na gwaji, ko minti goma ban yi ba hawaye ya wanke mini fuska, na ce a cire. Ƙawata da ke saka mai laushi ta ce mai tauri tsohon yayi ne, kankare ido yake yi, nata kuwa har barci take yi da shi. Aikina a gaban kwamfuta ne daga safe har yamma. Wanne zan ɗauka? Kuma da gaske ne lens yakan zame ya shige bayan ido?

Ƙanwarki.

Amsa:

Ƙanwata, ina amsawa. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce mai sauƙi. Lens ba ya shigewa bayan ido. Akwai wata siririyar fata da ta shimfiɗu a kan farin ido, ta naɗo ta lulluɓe cikin fatar ido ta sama da ta ƙasa, ta toshe hanyar gaba ɗaya. Iyakar abin da lens zai yi shi ne ya zame ya maƙale a ƙarƙashin fatar ido ta sama. Sai a ɗiga ruwan ido, a kalli ƙasa, a shafo shi a hankali ya dawo. Wannan ki cire shi daga ranki.

Abin da ya tsaya mini a wasiƙarki daban ne. Kin ce an canza miki lamba sau uku a shekara biyu, silinda tana hawa a ido ɗaya, fitila tana miki jela ko da kina sanye da sabon tabarau, kuma kina murza ido. Kowanne a cikinsu in ya zo shi kaɗai ba lallai ya zama abin damuwa ba. Haɗuwarsu a idon mai shekara 24 kuwa, dole a tsaya a duba. Ba na gano ciwo daga wasiƙa, kuma ba na son in tayar miki da hankali, amma da 'yar cikina ce ta kawo mini wannan bayani, ba zan bari a yi maganar mai tauri ko mai laushi ba sai an ɗauki taswirar koniyarta tukuna.

Koniya ita ce gaban ƙwayar ido, wurin nan mai haske garau da ya rufe baƙin ido, faɗinsa bai wuce milimita 11 zuwa 12 ba. A kanta lens yake zama. Ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske kafin ya isa bayan ido, shi ya sa ƙanƙanin canji a siffarta yake dagula gani sosai. Silindar da aka rubuta miki tana nufin lanƙwasar koniyar ta wani ɓangare ta fi ta wani ɓangaren. In bambancin ya bi tsari, tabarau yana gyara shi tsaf. Amma akwai wata lalura, keratokonus, inda koniyar ke sirancewa ta riƙa turowa gaba tana yin tsini. Takan fara daga ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu, sau da yawa ido ɗaya yana riga ɗaya, kuma an daɗe da lura tana tafiya da ƙaiƙayin ido da yawan murza shi. Mai ita zai yi ta canza tabarau gani bai washe ba, don lanƙwasar ba ta da tsarin da gilashi zai bi. Awon da ke nuna ta ba shi da zafi ko kaɗan: ki ɗora haɓa a kan na'ura, ki kalli wasu zobba na haske, cikin 'yan daƙiƙoƙi ta fitar da hoto mai launi-launi, ja a inda koniyar ta yi tsini, shuɗi a inda ta baje. Wataƙila ma likitan naki ya hango wani abu ne shi ya sa ya ambaci mai tauri. Ki koma ki tambaye shi dalilinsa kai tsaye. Hakkinki ne.

Ga dalilin da ya sa siffar koniya ce ke yanke hukunci, ba girman lamba ba. Lens mai laushi kamar jiƙaƙƙen tsumma yake: duk abin da kika shimfiɗa shi a kai, siffar abin zai ɗauka. In koniyar sumul take, madalla. In kuwa tana da tudu da kwari, shi ma tudu da kwarin zai yi, matsalar tana nan inda take. Mai tauri ba ya bin koniya, siffarsa yake riƙewa. Ɗan ratar da ke tsakaninsa da koniyar sai hawaye ya cike ta, hawayen ya shafe tudu da kwarin, haske ya shigo ta fuska mai santsi. Shi ya sa wanda ya yi shekaru yana ganin fitila da jela, ranar da aka ɗora masa mai tauri yakan karanta layukan da bai taɓa gani ba a allon awo, yana hawaye yana karantawa. A wajen kaifin gani, musamman ga mai silinda babba ko koniyar da ba ta bi tsari ba, mai tauri ne a gaba, kuma ba kusa ba.

Maganar ƙawarki cewa tsohon yayi ne tana da asali, sai dai labarin nata ya kwana. Tsofaffin lens masu tauri, waɗanda suka yaɗu tun daga ƙarshen shekarun 1940, da wata roba aka yi su wadda iska ba ta ratsa ta sam. Koniya kuwa ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, daga iskar waje take samun oksijin ta cikin hawaye. Rufe ta da abin da ba ya wuce iska yakan sa ta kumbura, gani ya yi hazo. Wannan ne ya ɓata wa mai tauri suna. Da wani masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Cek, Otto Wichterle, ya ƙera lens mai laushi na farko a 1961, aka kuma amince da sayar da shi a Amurka a 1971, sai jama'a suka yi ca a kansa. Amma tun ƙarshen shekarun 1970 aka fito da masu tauri da iska ke ratsawa, kuma su ake nufi yau in an ce mai tauri. Ƙanana ne, milimita 9 zuwa 10, ba su ma rufe koniyar duka ba, kuma duk ƙiftawar da kika yi sai sun ɗan motsa, sabon hawaye ya shiga ƙarƙashinsu ya koro tsoho. Mai laushi yakan kai milimita 14, ya rufe koniyar har ya hau farin ido, hawayen da ke ƙarƙashinsa kuma kaɗan ne ke sauyawa. Wanda aka auna daidai da idonki ba ya kankare komai, a kan hawaye yake shawagi.

To, minti goman nan naki. Na yarda da ke ɗari bisa ɗari, ba raki kika yi ba. Kusan kowa haka yake ji ranar farko. Amma ki lura da inda jin yake fitowa: mafi yawansa daga fatar ido ta sama ne, wadda duk ƙiftawa sai ta bi ta kan bakin lens ɗin, abin da ba ta saba ba. Shi ya sa in kika kalli ƙasa sai ki ji sauƙi, in kika ɗaga ido sama sai hawaye ya ɓalle. Fatar ido kuwa tana sabawa. Akan fara da awa biyu zuwa huɗu a rana, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, mafi yawan mutane cikin mako ɗaya zuwa uku sukan daina kula da shi. Akwai waɗanda ba sa sabawa har abada, wannan ma gaskiya ne, kuma ba laifinsu ba ne. Minti goma dai bai isa ya nuna miki ko kina cikinsu ba. Sannan lens ɗin gwaji ba naki ba ne. Likita yakan ɗiga wani rini mai ruwan ɗorawa a ido, ya haska shuɗiyar fitila, hawayen da ke ƙarƙashin lens ya yi kore shar. Inda koren ya taru, lens ya yi nisa da koniya. Inda ya yi duhu, yana danne ta. Da wannan yake gyara awo, wani lokaci sau biyu ko uku, kafin a ƙera naki. Bambancin jin daɗi tsakanin na gwaji da wanda aka ƙera don idonki ba kaɗan ba ne. Ki bambance abu biyu: jin cewa akwai abu a ido, wannan na rashin sabo ne. Zafi mai suka, ko jan ido da ba ya wucewa bayan an cire, wannan ba na rashin sabo ba ne, komawa wurin likita ake yi.

Ba zan ɓoye miki wahalarsa ba. Ƙura ita ce babbar abokiyar gabarsa. Ƙwaya ɗaya in ta shige ƙarƙashinsa, sai kin tsaya duk abin da kike yi, kin wanke hannu, kin cire, kin ɗauraye. Yana iya fitowa in an bige ki a wasa ko kin ja gefen ido da ƙarfi, in ya faɗi a ƙasa kuma nemansa aiki ne, in ya ɓace sai an sake ƙera wani, ki jira. Kuma ba ya son a yi masa yau da gobe: in kika ajiye shi mako biyu, sabon da kika yi yakan ragu, ki sake farawa kusan daga tushe. Wanda ke son lens don fita ta musamman ko motsa jiki sau biyu a mako, mai tauri ba nasa ba ne. A ɗaya ɓangaren, guda ɗaya yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu in ana kula da shi, ba ya shan ruwa, don haka ba ya tsotse datti da ƙwayoyin cuta ya riƙe a jikinsa kamar yadda mai laushi ke yi.

Mai laushi kuma ba banza ya mamaye duniya ba. Ranar farko za ki manta yana idonki. Ba ya faɗuwa, ƙura ba ta cika shiga ƙarƙashinsa ba, kuma akwai na yini ɗaya da za ki saka da safe ki jefar da dare, babu wanki babu ajiya. Ga mai koniya lafiyayya da silinda kaɗan, shi nake fara ambata. Akwai ma masu laushi na masu silinda, sai dai dole su zauna a kusurwa guda. In suka ɗan juya, gani ya dushe har sai sun koma, kuma in lamba ta yi girma kamar taki, ga silinda a kai, ba kowane kamfani ke da ita a ajiye ba, balle a na yini ɗaya. Sai batun aikinki. Mai kallon kwamfuta ƙiftawarsa takan ragu sosai ba tare da ya sani ba. Lens mai laushi da ruwa a jikinsa, in ruwan ya fara bushewa sai ya jawo daga hawayenki, shi ya sa masu shi da yawa ke kukan yaji-yaji da hazo in yamma ta yi, musamman a ɗaki mai na'urar sanyaya iska.

Yanzu ga abin da nake so ki kai wa ƙawarki, ki faɗa mata da murya mai taushi amma kar ki rage komai. Ta daina barci da lens. In an rufe ido, iskar da koniya ke samu takan ragu, hawaye ya daina zagayawa, ƙwayoyin cuta su samu ɗumi da danshi na awanni. Wani babban bincike da aka yi a Ostireliya, aka wallafa a 2008, ya ƙirga masu kamuwa da ciwon koniya mai ƙwayar cuta a cikin kowane mutum 10,000 a shekara: kusan 1 a masu saka mai tauri da rana, kusan 2 a masu saka mai laushi na gama-gari da rana, kusan 20 a masu kwana da mai laushi. Dubi inda babban giɓin yake. Tsakanin mai tauri da mai laushi tazarar 'yar kaɗan ce, tsakanin mai cirewa da dare da mai kwana da shi ninki goma ne. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ma ta ce barci da lens yana ninka haɗarin sau shida zuwa takwas. Kuma wannan ciwo ba irin jan idon da ke wucewa da kansa ba ne. Akwai ƙwayar cutar da cikin kwana ɗaya zuwa biyu take cin koniya ta yi mata gyambo, ko an warke a bar mutum da hakiya a daidai inda yake gani.

Abu na biyu da ke makantar da masu lens shi ne ruwa. Ruwan famfo, na wanka, na ninƙaya, duk tsabtarsa a ido, yana iya ɗauke da wata ƙwayar halitta, akantamiba, mai maƙalewa a lens ta shiga koniya, maganinta kuma watanni ake yi ana fama. Saboda haka ko wanne kika zaɓa, ruwa ba ya taɓa lens, ba ya taɓa ɗan mazubinsa, balle miyau. Ki wanke hannu da sabulu ki tsane shi sarai kafin ki taɓa. Ruwan maganin jiya a zubar, kar a ƙara sabo a kan tsoho. Mazubin a bar shi a kife ya bushe, a canza shi duk wata uku. Lens ake fara sakawa kafin kwalliyar ido, shi ake fara cirewa kafin a goge ta. Na ƙawa ba a ara, ko da lambarku ɗaya. Ranar da ido ya yi ja, yana zafi, yana gudun haske, ko gani ya ragu, ki cire, ki riƙe lens ɗin da mazubinsa don a iya gwada su, ki ga likita a ranar, ba gobe ba.

In kin ce in zaɓa miki, ga inda na karkata. Idan taswira ta nuna keratokonus ko wata lanƙwasa mara tsari, babu ja-in-ja, mai tauri ne. In ƙaramin ya gagare ki, akwai babba mai faɗin milimita 15 ko fiye, wanda ke tsallake koniyar gaba ɗaya ya zauna a kan farin ido. Ana cika shi da ruwan gishiri na musamman kafin a saka, koniyar ta wuni a jiƙe, kuma da yake bakinsa yana ƙarƙashin fatar ido, jinsa ya fi kusa da na mai laushi. Akwai kuma mai tsakiya mai tauri da gefe mai laushi. Amma ki riƙe wannan da kyau: lens gani yake gyarawa, ba ya tsayar da keratokonus. Abin da ke tsayar da ita wani aiki ne da likitoci a Dresden ta Jamus suka ɓullo da shi, suka wallafa sakamakonsa a 2003, inda ake jiƙa koniya da bitamin B2 a haska mata wani haske na musamman ta ƙara ƙwari. Yana hana ta ci gaba da lalacewa, ba ya dawo da abin da ya riga ya tafi. Wannan ne dalilin da nake matsa miki ki yi awon yanzu, ba baɗi ba.

Idan kuwa taswirar ta fito lafiya, duka biyun a buɗe suke gare ki. Duk da haka, tun da kullum za ki saka, awanninki a gaban kwamfuta masu yawa ne, ga silinda, ni dai zan ce ki ba mai tauri cikakken wata guda na gaskiya. In wata ya cika har yanzu kina ƙirga awannin cirewa, ki koma mai laushi na masu silinda ba tare da jin kin gaza ba, in an samu na yini ɗaya a lambarki ya fi, musamman ga mai ƙaiƙayin ido irinki.

Ko wanne ne, za ki ga abin da zai faranta miki. Tabarau mai lamba −10.00 yana ƙanƙanta duk abin da kike kallo da fiye da kashi 10 cikin 100, yana kuma karkata gefe-gefe. Lens da yake manne da ido, abubuwa za su dawo kusan girmansu, gefen ganinki ya buɗe, har kwanakin farko sai kin yi hattara da matakala. Kar ki yi mamaki in lambar lens ɗin ta fito ƙasa da ta tabarau, −10.00 takan koma wajen −9.00, saboda ratar da ke tsakanin gilashi da ido ta tafi. Shi ya sa ba a ɗaukar takardar tabarau a je a sayi lens da ita. Tabaraun kuma kar ki yar, ki sabunta shi, shi ne na dare da na ranar da ido ke son hutu. A nemi gilashi mai sirantaka da ƙaramin firam, kaurin zai ragu sosai.

Murzar idon nan kuma ki daina ta daga yau, ko da keratokonus ko babu. A ba ki maganin ɗigawa na ƙaiƙayin, a kwantar da shi kafin a fara lens, don idon da ke ƙaiƙayi ba ya karɓar ko wanne. In ya taso miki, ki ɗora tsumma mai sanyi a kan ido a rufe. Sannan lambar da ta kai taki tana nufin ƙwayar idon ta fi ta yawancin mutane tsawo, fatar gani da ke can baya a miƙe take, ta fi saurin yagewa ko ɓallewa. Lens ba ya canza wannan. A riƙa buɗe miki ido da magani ana duba bayansa duk shekara. In kika ga walƙiya-walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo sun ƙaru farat ɗaya, ko wani duhu yana rufowa daga gefe, asibiti a take.

Ranar da za ki koma, ki tafi da duk tsofaffin takardun awonki a jere bisa kwanan wata, don likita ya ga saurin da lambar ke tafiya. In kin riga kin fara saka wani lens kafin nan, ki faɗa musu tun wajen karɓar rana, domin lens yana ɗan sauya siffar koniya na wani lokaci, za su gaya miki kwana nawa za ki ajiye shi kafin a ɗauki taswirar. Ki kuma tambaya ko kuɗin da za ki biya ya haɗa da sake gyaran awo in na farko bai zauna ba, da koya miki sakawa da cirewa har sai hannunki ya faɗa.

Allah ya ƙara lafiya, ƙanwata.